Wa Ya Sace Kan Burokolin Dapaong?

Ga wani kacici-kacici, mai karatu, a ba ni amsa. Wa da ƙane ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Iri ɗaya suka raba daga ƙunshi ɗaya. Lambunansu a jere suke, kunya ɗaya ce tsakani, kuma ruwan madatsa ɗaya suke ja. A rani ɗaya suka shuka. Ƙanen ya yanki kawuna ya sayar, ya ƙirga kuɗinsa. Wan kuwa, wanda ya fi shi sanin lambu, ya fi shi zuba taki, ya fi shi sammako, ko kai ɗaya na kirki bai yanka ba. Akuya ba ta shiga ba, fara ba ta sauka ba, babu sawun ɓarawon dare. To, wa ya sace kawunan?

Abin ya faru ne a bayan garin Dapaong, babban birnin yankin Savanes, can ƙuryar arewacin Togo, fiye da kilomita 600 daga Lome, kusa da iyakar Burkina Faso ta Sinkase. Ƙasa ce ta Moba da Gurmawa, ga kuma Hausawan Zango da fatauci ya kawo kakanninsu. Damina ɗaya ake yi, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Da an kai gero da dawa gida sai a koma bakin madatsun ruwa a kama noman rani: tumatir, albasa, latas, karas, attarugu da kabeji. Waɗannan duk 'yan gida ne, an san halinsu. Burokoli ne baƙo. Asalinsa daga Italiya yake, kuma shi da kabeji da farin kabeji tsatsonsu ɗaya. Abin da ake ci a jikinsa wani dunƙulallen koren kai ne mai ƙananan ƙwayoyi cunkus, wanda manyan otal-otal da kantunan Lome ke saye da daraja. Ɗan ƙanwar waɗannan bayin Allah, mai aiki a kicin ɗin wani otal a can, shi ya ga kuɗin da ake biya, ya aiko wa kawunnansa da irin, ya ce su gwada. Suka gwada. Daga nan rigima ta tashi.

A watan Maris na shiga lambun babban. Daga nesa kowa ya hango sai ya ce tubarkalla. Ganye ya yi faɗi, ya yi kauri, launinsa tsakanin kore da shuɗi, kara ya cika hannu. Na durƙusa na buɗa ganyen wata shuka zuwa tsakiya, inda ya kamata kai ya zauna. Ganye na tarar. Na buɗa wannan ma, wani ganyen na sake tararwa. A shuka ta gaba akwai wani abu mai kama da kai, amma a warwatse yake, ƙwayoyinsa wasu manya wasu ƙanana, ga 'yan siraran ganyaye sun ratso ta tsakaninsu. A ta ukun ƙwayoyin sun riga sun buɗe sun zama rawayen furanni, ƙudan zuma na ta kai-kawo a kansu.

Na ce, "Baba, ina kawunan?"

Ya ce, "Ɗana, da na san inda suke, ai da ba ka same ni zaune ina gadin ganye ba."

Ruwa ba ya tsami banza. Sai muka shiga kiran waɗanda ake zargi, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne iri, kuma ba a zarge shi a banza ba. Duk mai lambu a wannan yanki ya san labarin irin jabu, da wanda ya kwana biyu a shagon da rana ke dukansa har ya mutu a cikin leda. Irin burokoli na kasuwa ɗan aure ne, daga ƙasashen waje ake shigo da shi, kuma ba a ajiye 'ya'yansa a sake shukawa baɗi, sai dai a sake saye. Ƙwayarsa ƙarama ce, giram ɗaya kan ɗauki kusan 300. Idan an cuci mutum a nan, an cuce shi tun daga tushe. Sai dai mataccen iri ba ya tsirowa, na Baba kuwa ya tsiro kaf. Irin jabu kuma da ya ci amanar wa da ƙane gaba ɗaya, tunda a tafin hannu aka raba shi gida biyu. Muka sallami iri. Ya fita da mutuncinsa.

Na biyu shi ne taki. A nan biri ya yi kama da mutum, domin sananne ne cewa idan yuriya ta yi yawa shuka kan zuba ƙarfinta a ganye ta jinkirta haihuwa. Baba kuwa bai yi rowa ba. Ya zuba kashin shanu tun kafin dashe, ya bi da NPK, ya ƙara da yuriya. Maƙwabta suka ce ai shi ke nan, an kama ɓarawo, ƙoshi ne ya yi wa shukar yawa. Amma da muka tambayi ƙanen, sai ya ce mudun da yayansa ke awo da shi shi ma da shi ya auna, domin a wurinsa ya koyi aikin. Bambancin 'yan kwandunan kashin shanu ne kawai. Kuma yawan yuriya kan jinkirta kai ko ya sa kara ya yi rami, ba ya cika hargitsa ƙwayoyi haka, wata ta girma wata ta tsaya. Taki yana da ɗan laifi ko ba shi da shi, wannan aika-aika dai ta fi ƙarfinsa. Akwai wani a bayansa.

Na uku ya zo da tarihi mai muni. Dangin kabeji a Afirka ta Yamma suna da manyan abokan gaba biyu. Akwai ƙaramar koriyar tsutsar nan da masana ke kira Plutella, mai huda ganye ta mai da shi rariya, wadda ta yi suna a duniya wajen gagarar maganin feshi. Akwai kuma Hellula, wadda ta fi ta mugunta, domin ita zuciyar shuka take nufa tun tana ƙarama, ta huda tsiron tsakiya ta cinye. Shukar da aka yi wa haka ba ta ƙulla kai, sai ta yi ta fitar da rassa a gefe. Da na tuna wannan sai na ji a raina an zo wurin. Muka tumɓuke shuka guda, Baba ya zaro wuƙa ya tsaga karan daga sama har ƙasa. Hellula ba ta iya ɓoye sawu, takan bar rami, da kashi, da saƙa irin ta gizo-gizo. Muka duba. Ciki fari fat. Babu rami. Babu kashi. Babu saƙa. Zuciyar na nan da ranta.

Sai ruwa. Baba ya yi murmushi ya nuna mini ƙasar komin. Na tura yatsa, danshi har ƙasa. Safe da yamma yake ban-ruwa, bai taɓa tsallake rana ba, injinsa bai taɓa tsayawa don rashin fetur ba. Shukar da ta sha ƙishi ganyenta ne ke fara ba da shaida, wannan kuwa ganye yana sheƙi. Ruwa ma ya kuɓuta.

Da hujja ta ƙare sai tsegumi ya samu wurin zama. Wasu suka ce baki ne, lambun ya yi kyau da yawa, an yi ta yabo ba a cewa tubarkalla. Wasu suka fara kallon ƙanen a kaikaice. Wannan shi ne ya fi tayar mini da hankali, domin asarar kuɗi ana mai da ita, amma zargi tsakanin 'yan'uwa yana iya wuce shekaru bai warke ba. Baba ya tsawatar. Ya ce kada wanda ya sake ambaton ɗan'uwansa a wannan magana.

A nan ne wani matashi mai taya su ban-ruwa ya ce, "Baba, ko dai zafi ne?"

Baba bai ce uffan ba. Ya kama hannunsa ya ja shi zuwa komayen da ke gefe. Kabeji ne a jere, irin KK Cross da masu lambu suka saba da shi, kowanne ya naɗe tamau, ka ƙwanƙwasa ka ji tauri. Ya ce, "Rana ɗaya na dasa su da wancan. Rana ɗaya ke dukansu. 'Yan gida ɗaya ne. In zafi ne, me ya sa wannan ya naɗe?" Matashin ya sunkuyar da kai. Zafi ya samu mai shaida, kuma shaidar ta yi ƙarfi. Aka sallame shi.

Iri ya fita. Taki ya fita. Tsutsa ta fita. Ruwa ya fita. Zafi ya fita. Kawuna kuma ba su dawo ba.

Ana gab da la'asar na sake zaga lambun. A can ƙarshen komi, ta yamma, akwai wani dogon-yaro da inuwarsa ke faɗowa kan 'yan shuke-shuken bakin layi tun daga azahar. Na buɗa ta farko. Kai. Ƙarami ne, amma dunƙulalle, ƙwayoyinsa daidai wa daida. Na buɗa ta biyu. Kai. Na taka 'yan taku zuwa inda inuwar ta ƙare. Ganye.

Ƙasa ɗaya. Taki ɗaya. Ruwa ɗaya. Inuwa kaɗai ta raba su.

Na koma wurin ƙanen. Na ce, "Baba ƙarami, yaushe ka zuba irinka?"

Ya ce, "Da rani mana."

"Wane wata?"

Ya yi shiru yana lissafi. Ya ce farkon Nuwamba, ranar da saƙon ya iso bai bari ya kwana biyu ba. Ya yi dashe farkon Disamba, ya fara yanka ƙarshen Janairu.

Na juya ga babban. Ya ce shi bai yi gaggawa ba. Ya tsaya ya gama sussukar dawa, ya jira kuɗin auduga ya sayi taki, ya gyara komaye yadda ya kamata. Ya zuba iri ƙarshen Disamba. Ya yi dashe ƙarshen Janairu.

Mako bakwai tsakani. Ba wanda ya ƙirga su, saboda duk sunansu rani.

A dawo da zafi. Shi ne ɓarawon.

To ina shaidar kabeji? Shaidar gaskiya ce, amma a kan wata shari'a dabam aka bayar da ita. Kan kabeji ganye ne, ganye a kan ganye, ya naɗe ya dunƙule. Muddin shuka na yin ganye, kabeji na kan hanya, kuma irin da ake kawowa ƙasashenmu an zaɓe shi ne don ya jure zafi. Kan burokoli kuwa fure ne. Kowace 'yar ƙwaya da ke jikinsa ƙullin fure ce da ba ta kai ga buɗewa ba, dubbai a haɗe, ana yanke su kafin su buɗe. Saboda haka kabeji girma kawai ake nema a wurinsa, burokoli kuwa sai ya daina yin ganye ya juya zuwa haihuwa. Wannan juyi kuma sanyi ne ke kiransa.

Ga yadda satar ke gudana. Makonni kaɗan bayan dashe, can cikin zuciyar shuka, a ƙarƙashin ganyayen da suka rufe ta, tsiron tsakiya yakan fara sauya kama. A lokacin bai fi ƙwayar gero ba, ido ba ya ganinsa sai an tsaga. A kan wannan ɗan tsiro ake zana duk kan da za a yanka nan gaba. Idan sanyi ya samu, ƙullayen fure sukan fito tare, su girma tare, kai ya yi sumul. Idan zafi ya yi tsanani, dare ma bai huce ba, abu ɗaya cikin biyu kan faru. Ko dai shukar ta ƙi juyawa ta ci gaba da zuba ganye, ko kuma ta juya amma wasu ƙullayen su tsaya cak wasu su wuce, ganye ya ratso tsakani, waɗanda suka yi gaba su buɗe kafin na baya su kammala. Duk abin da na gani a komin Baba ke nan, layi bayan layi.

Masana sun kama wannan ɓarawo da hannu dumu-dumu. A 1998 Thomas Björkman na Jami'ar Cornell a Amurka da abokiyar aikinsa Karen Pearson sun wallafa sakamakon wani gwaji: sun riƙa saka burokoli cikin zafin digiri 35 na tsawon mako guda, a matakan girma daban-daban, don su ga inda ɓarnar ke shiga. Suka gano cewa ƙofar 'yar ƙarama ce, daidai lokacin da tsiron ke fara ƙulla fure. Kafin wannan lokaci zafi bai cika yin illa ba, bayansa ma da sauƙi. Abin da ya sa ɓarawon ke da wuyar kamu shi ne ɓarnar ba ta bayyana sai bayan makonni, sa'ad da kai ya fito fili. Mai lambu yakan ga ɓarna a Maris ya shiga neman mai laifi a Maris, alhali an gama sata tun cikin Fabrairu.

Yanzu a ɗora wannan a kan kalandar Dapaong. A Disamba da Janairu hunturu na kaɗawa, hazo na rage kaifin rana, dare kan sauka ƙasa da digiri 20. Daga tsakiyar Fabrairu sanyi ya fara tattara kayansa, zuwa Maris da Afrilu zafin rana kan kusanci digiri 40, dare ma ba ya hucewa. Burokolin ƙanen ya kai ƙofar haihuwa wajen ƙarshen Disamba, a tsakiyar ɗari. Na babban ya kai ta a ƙarshen Fabrairu, bazara na ƙwanƙwasa ƙofa. Ƙanen ma da ƙyar ya sha, domin ko cikin hunturu ranar Dapaong kan haura digiri 30, sanyin dare ne ya cece shi, kawunansa kuma ba su yi wani girman a-zo-a-gani ba. Gaggawa ta taimaki ɗaya, tsanaki ya jinkirta ɗaya, ba tare da ko ɗayansu ya san da wace ƙofa yake tsere ba.

Wannan ne kuma ya bayyana dalilin da ya sa burokolin da ake sayarwa a Abuja da Legas yawanci daga Jos yake fitowa. Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma duk hawan mita 1,000 kan rage zafi da wajen digiri 6. A Togo ma mai neman irin wannan sauƙi sai ya dubi tuddai, kamar na Danyi a kudu maso yamma, inda aka daɗe ana noman kayan lambu, ko na Alejo da ke tsakanin Sokode da Kara. Ita kanta Amurka ba ta tsira ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na burokolinta daga Kalifoniya yake zuwa, inda iskar teku ke sanyaya kwaruruka. Jihohin gabas zafin bazararsu kan ɓata kai, har ta kai a 2010 aka kafa wani shiri na musamman da kuɗin ma'aikatar noman ƙasar, ƙarƙashin jagorancin shi Björkman ɗin, don samar da irin da zai jure. Shekaru suka yi suna auren iri da zaɓe da gwaji kafin a fara ganin sakamako.

Sai a dubi abin da Baba ya kashe. Iri kyauta ya zo masa a wannan karo, amma baɗi saye zai yi. Takin zamani, ko da tallafin gwamnatin Togo, buhu mai kilo 50 ya kai jaka 18 na sefa a 2022. Ga fetur na injin ban-ruwa kullum har tsawon wata uku, ga maganin feshi, ga ladan masu taya aiki, ga komayen da da albasa ko kabeji aka sa da an san abin da za su kawo. Duk waɗannan ana biyansu ne kafin a ga kai. Mafi ciwo kuma, yawancin fetur da feshin an kashe su ne bayan zafi ya riga ya gama aikinsa, ana ta hidimar shukar da hukuncinta ya riga ya zartu. Ko wanda ya yanka ma da sauran rina a kaba. Burokoli a cikin sanyin da ya kusa daskarewa kan yi mako uku zuwa huɗu, a zafin ɗaki kuwa kwana biyu ko uku ya fara rawaya. Mai saye yana Lome, a ƙarshen doguwar hanya mai lamba 1. Wanda bai daidaita da mai saye da mota tun kafin yanka ba, zafi zai sake tare shi a hanya.

Abin da ke ci mini rai shi ne wannan ilimi ba mai tsada ba ne, amma mai lambu ne ya biya kuɗinsa daga aljihunsa. Togo tana da cibiyar binciken noma ta ITRA da hukumar malaman gona ta ICAT, duka tun 1997, kuma ITRA na da reshen da ke kula da busasshen yankin arewa a Kara. Akwai Jami'ar Kara. Akwai Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya, wadda aka kafa a Taiwan a 1971, mai ofisoshi a Bamako da Kotono. Gwajin da ake bukata ɗalibi ɗaya zai iya riƙe shi: a samo iri uku ko huɗu da aka ce suna jure zafi, a riƙa zuba su duk bayan mako biyu daga Oktoba zuwa Disamba, a Dapaong da Sokode da kan tudun Alejo, a rataya ma'aunin zafi a kowane lambu, a gwada wasu komaye da rumfar raga wasu babu, a rubuta ranar dashe da nauyin kai da kuɗin da aka kashe. Rani biyu ko uku sun isa a fitar da takarda guda mai cewa: a garinku, daga rana kaza zuwa rana kaza, da iri kaza, in ka wuce haka ka shuka kabeji. A karanta ta a rediyo da Moba da Kotokoli da Hausa.

Kafin wannan takarda ta fito, mai lambun da ke sha'awar burokoli a arewacin Togo, ko a Maraɗi, ko a fadamun Kano, ya fara da komi ɗaya ko biyu, ya zuba iri da zarar ruwan sama ya ɗauke, ya ƙirga baya yadda makonni uku zuwa biyar bayan dashe za su faɗa cikin tsakiyar ɗari, ya kuma rubuta ranakun a takarda. Idan Kirsimeti ta same shi bai yi dashe ba, ya adana irinsa a wuri mai sanyi, ya ba albasa filin.